Ɗalibin da Ya Iya Kwafa, Bai Iya Karantawa Ba: Nazarin Shekarar Karatu Guda

Wannan bayani ne a kan ɗalibi guda da na riƙe a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, daga Satumba 2023 zuwa Satumba 2024. Na sakaya sunansa da na makarantar. Lambobin da ke ciki daga rajistar aji na ɗauko su, da kuma littafin da nake rubuta sakamakon gwaji.

## Asalin lamarin

Makarantarmu ta gwamnati ce, ta jeka-ka-dawo, maza zalla, a wata unguwa da ke gefen birnin Kano. Hausa nake koyarwa, kuma a wannan shekarar aka ba ni riƙon aji guda na sababbin ɗalibai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kuma a 2019 jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. Yara sun cika azuzuwa maƙil. Rajistar ajina ta tsaya a kan suna 94. Wanda ya yi sammako ya samu benci, wanda ya makara ya zauna a ƙasa.

Yaron yana da shekara 13 a lokacin, shi ne babba a ɗakinsu. Mahaifinsa direban adaidaita sahu ne, kuma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, abin da yake komawa da shi gida ya ragu ƙwarai. Sai aka kai yaron shagon ɗinkin kawunsa, yana zuwa daga azahar zuwa magariba, a can yake cin abincin rana. Da asuba kuma yana makarantar allo. Daga gida zuwa makarantarmu tafiyar kusan minti 40 ce a ƙasa.

Yana aji uku na firamare aka rufe makarantu saboda korona a Maris 2020, ba su koma ba sai Oktoba. Aji uku shi ne inda karatun yaro yake kama ƙasa, kuma daga aji huɗu ne tsarin da aka daɗe ana bi ya ce a koma koyarwa da Turanci. Shi da sa'o'insa aka ciyar da su gaba haka nan. An yi darussa a rediyo a lokacin kullen, amma bai saurara ba ko sau ɗaya.

Duk wannan daga baya na san shi. A Satumba sunansa kawai na sani.

## Satumba zuwa Oktoba 2023: buɗe shekara

Shekara 16 ina koyarwa, kuma kowace shekara da magana ɗaya nake buɗe aji: dagewa. Nakan gaya wa yara cewa sakandare ba firamare ba ce, za su sha wuya, amma wanda ya jure zai ga amfani. Nakan ba su labarin yadda ni ma na yi ta takawa a ƙasa zuwa makaranta. Daga nan sai in rubuta karin magana a allo, in ce kowa ya kwafa a shafin farko na littafinsa: mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Da na zaga ina dubawa, sai na tsaya a kansa. Yana zaune a ƙasa kusa da bango, ya ɗora littafin a gwiwa, ya riƙe biro can kusa da baki kamar mai riƙe da alƙalamin kara. Haruffansa sun jeru daidai wa daida, babu gogewa, babu wanda ya fi wani tsawo. Na ɗaga littafin na nuna wa aji, na ce kowa ya yi koyi da wannan.

Mako biyu bayan haka na ce shi zai riƙa rubuta sunayen masu surutu idan babu malami. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, don Allah a ba wani." Na ɗauka kunya ce, na ba wani.

A Oktoba ya makara sau 9, ya yi fashi kwana 4.

## Nuwamba zuwa Disamba 2023: abin da aka fara gwadawa

Gwajin farko ya fito da wani abu da ban fahimta ba. Inda aka ce a zaɓi amsa cikin huɗu, ya ci wasu. Inda aka ce a rubuta amsa, sai ya sake kwafe tambayar a gurbin amsar, tsaf, har da alamar tambaya. Malamin kimiyya da malamar Turanci duk sun kawo mini ƙorafi iri ɗaya. A ɗakin malamai muka yanke cewa ko lalaci ne ko raini.

Na fara da nasiha. Na kira shi sau uku, kowane karo na ce masa yana da basira, abin da ya rage ya ƙara dagewa. Kowane karo ya ce, "To, Malam, in sha Allahu." Na dawo da shi bencin gaba. Da makarar ta ci gaba, ya shiga horon da ake yi wa kowa a bakin ƙofa: durƙuso, tsintar leda, wani lokaci bulala. Makarar ta ragu a rajista, fashi kuma ya hau zuwa kwana 11 a Nuwamba. Daga baya ya gaya mini idan ya hango an rufe ƙofa, juyawa yake ya wuce shago, domin wanda bai zo ba babu mai dukansa a ranar.

Makaranta ta aika wa mahaifinsa takardar gayyata. Da Turanci aka buga ta, kuma shi aka ba ya kai. Babu wanda ya zo.

A jarrabawar ƙarshen zango ya zo na 88 cikin 91 da suka zauna. A katin sakamakonsa na rubuta cewa ya ƙara ƙoƙari.

## Janairu 2024: gano matsalar

Mako na biyu da dawowa, hunturu ya kankama, yara rabi sun lulluɓe da rigunan sanyi. Na tsayar da shi bayan an fita tara, da niyyar yi masa nasiha ta huɗu. Na buɗe shafin farko na littafinsa na ce ya karanta mini abin da ya rubuta ranar farko. Ya kawo karin maganar daga farko har ƙarshe babu gargada. Amma na lura idonsa ba ya bin layin. Na ɗora yatsa a kan kalmar "dutse" na ce wannan fa? Ya ce, "Haƙuri."

Na ɗauki alli na rubuta jimlar da bai taɓa ji daga bakina ba: kaza ta sha ruwa. Ya daɗe yana kallo. Ya kira sunayen haruffan ɗaya bayan ɗaya yadda ake rera su da Turanci a firamare, amma ya kasa haɗa biyu su ba da sauti. Sai ya ce a hankali, "Malam, don Allah kada ka faɗa a aji."

Shekara uku ke nan yana rufe wannan sirri da kyawun rubutu da ƙarfin hadda. Idan ana karatun baki ɗaya yana bin amon aji. Idan malami ya karanta abu sau biyu ya riƙe shi. Abin da ke allo kuma zana shi yake yi, kamar yadda mai zayyana yake kwaikwayon ado.

Na kai maganar ga wata maƙwabciyarmu, malamar firamare, wadda ta taɓa samun horo a kan tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da shi. Ta ba ni takardar gwaji shafi guda. Ana zama da yaro shi kaɗai na 'yan mintuna, a ga inda ya tsaya cikin matakai biyar: wanda bai san harafi ba, mai sanin haruffa, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, mai karanta gajeren labari. Na yi mako biyu ina gwada ajina a lokacin tara, da Hausa. Cikin 88 da na gwada, 9 ba su gane haruffa ba, 17 haruffa kawai suka sani. Wato yara 26 ba sa iya karanta kalma guda da harshen da suke magana da shi. Shi yana cikin 17 ɗin.

## Fabrairu 2024: gyaran farko ya faskara

Na buɗe darasi bayan tashi, kwana uku a mako, da littafin Turanci na aji biyu na firamare, saboda da Turanci za su rubuta jarrabawa. Ranar farko 26 ɗin duk sun tsaya. A mako na uku saura 7. Shi sau huɗu ya zo.

Da na bi sawu, dalilan ba su ɓuya ba. Ƙarfe biyu na rana yunwa ta riga ta ci su. Da yawansu ana jiransu a shago ko gareji ko wurin talla. Sauran yara sun raɗa wa darasin suna "ajin dolaye", kuma littafin da hotunan yara ƙanana a bangonsa ya ƙara musu abin tsokana. Sannan aiki biyu na ɗora musu lokaci guda: su koyi haɗa sauti, su kuma yi shi a harshen da ba sa ji.

Ranar wata Asabar bayan la'asar na je gidansu. Mahaifin ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Bayan gaisuwa na gaya masa abin da na gani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, anya yaron nan kake nufi? Shi fa yake biya wa ƙannensa." Ya ƙwala masa kira ya ce ya zo da allonsa.

Allon ya sha wanki har ya yi santsi, rubutun Warshu ne da tawada, da hannunsa ya rubuta. Na yi masa irin gwajin da na yi masa a aji: na tsallaka tsakiyar layi na nuna kalma, ya karanta. Na koma ƙasa na nuna wata, ya karanta. Mahaifin ya buɗe masa wani wuri a Alƙur'ani da bai kai ba tukuna, ya bi shi a hankali, baƙi da wasali, har ya fitar. Wannan karatu ne na gaske, ba hadda ba. Tun yana shekara biyar yake tashi kafin asuba saboda shi, da sanyi da damina.

## Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris 2024: sabon tsari

Na sami shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon minti 30 na farkon safiya, kwana huɗu a mako." Ya amince, bisa sharaɗin kada manhajar Hausa ta sauran ajin ta tsaya. Sai na raba ajin duka rukuni-rukuni, kowa da aikinsa, masu karanta labari ma da nasu, don kada a ware wasu a ce su ne dolaye. Na kuma roƙi malamin da ke tsaron ƙofa ya riƙa barin yaran nan su wuce idan makararsu ba ta wuce minti 15 ba. Bai so ba, amma ya yarda a gwada zango guda.

Littafin Turanci na ajiye shi. Na yanka kwalayen taliya na yi katuna, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula biyar da ja. Na kuma ari hanyar da yaron ya riga ya sani. A makarantar allo ana fara wa yaro da babbaƙu, ya san baƙaƙe zalla, sannan a kai shi farfaru, inda ake ɗora musu wasali. Na rubuta masa harafin ba na larabci da wasalin sama, ya ce ba. Da wasalin ƙasa, bi. Da rufu'a, bu. Da imala, be. A gefen kowace na ajiye katin b da jan wasalinsa, na ce masa a boko wasali ba ya hawa sama ba ya sauka ƙasa, a gefen baƙi yake zama, kuma daga hagu ake tasowa. Ya kalli katunan, ya kalle ni, ya ce, "Au, Malam, ashe farfaru ne!"

Cikin kwana 9 na darasi ya fara haɗa gaɓa biyu: kaza, rago, tuwo, gida. Bokon Hausa yana da sauƙi ta nan, domin kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa. Inda ya sha wuya shi ne rarrabe b da d, saboda idonsa ya saba tasowa daga dama. Sai gaɓa mai rufaffen ƙarshe, irin ta "karkata" da "gishirin", har sai da na ce masa ɗauri ne ba a rubuta alamarsa ba. Sai ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda shekara da shekaru yana zana lanƙwasarsu bai san aikinta ba.

Kowace Alhamis ina ba kowane yaro minti ɗaya ya karanta, in ƙirga kalmomin da ya fitar daidai, shi kuma ya rubuta lambar da hannunsa a shafin ƙarshe na littafinsa. Nasa layin ya fara da 0 na Janairu, sannan 6, 11, 15, 19.

## Azumi da hutu: koma baya

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Duk wanda ya san shagon tela ya san abin da wannan wata yake nufi: ɗinkin sallah, kwana a kan keke. Shi ne mai guga da sa maɓalli da kai kaya wurin mai aiki. Mako biyu na ƙarshen zango ban gan shi ba, jarrabawa ma wasu darussan kawai ya rubuta. Aka yi sallah ranar 10 ga Afrilu.

Da aka dawo zango na uku na sake gwada shi: 12. Ya rubuta lambar, ya ajiye biron, ya ce, "Malam, ni kaina ba ya ɗaukar boko. Gara in tsaya a shago."

Ban yi masa nasiha ba. Na ce ya karanta mini lambar da ke saman shafin. Ya ce sifili. Na ce ta yau fa? Ya ce sha biyu. Na tambaye shi idan ya yi wata bai yi tilawa ba, me yake faruwa da haddarsa, ya ce tana zubewa. Na ce sai a yi yaya? Ya ce sai a koma baya a maimaita, ba ta daɗewa take dawowa. Muka tsaya a nan.

Washegari da yamma na je shagon. Kawun yana da littafin awo, wani dogon littafi da ya sha maiƙo, inda yake rubuta sunan mai kaya da tsawo da kafaɗa da hannu da wuya da ƙugu. Na roƙe shi ya bar yaron ya riƙa rubutawa. Ya ce, "Malam, inci ɗaya aka kuskure an ɓata wa mutum shadda, wa zai biya?" Muka daidaita a kan yaron ya rubuta, ya karanta masa da ƙarfi, shi kuma ya duba kafin mai kaya ya tafi.

## Mayu zuwa Yuli 2024

Cikin mako biyu ya koma 19, ya wuce. A Yuni ya haura matakin sakin layi, a Yuli ya karanta gajeren labari ya amsa tambaya biyu a kansa. Lambarsa ta ƙarshe a zangon 38 ce. Fashinsa a zangon gaba ɗaya kwana 3.

Turanci sai a Yuni muka taɓa shi, tare da malamar Turanci. Nan tafiyar ta yi nauyi. Harafin c da ya sani a "ci" da "ciki" ya koma wani sauti, ga p da v da babu su a bokon Hausa, ga wasali guda mai furuci iri-iri. A jarrabawar ƙarshen shekara ya zo na 61 cikin 89. Hausa da addini ne suka ɗaga shi, Turanci da kimiyya bai kai rabin maki ba.

Cikin yara 26, 15 sun kai sakin layi ko labari, 6 sun tsaya a kalma, 5 zuwansu bai isa a auna su ba. Ɗaya daga cikin biyar ɗin an tafi da shi ƙauye noma da faɗuwar damina, bai dawo ba.

## Satumba 2024

Ya dawo ranar farko, yana aji biyu. Bayan dogon hutu na gwada shi: 35. Littafin awo bai bar karatun ya zube ba. Yana iya fitar da gajerun jimlolin Turanci, amma ba duka yake fahimta ba, kuma lissafin da aka zuba cikin labari har yanzu yana kayar da shi. A lokacin, jarrabawar kammala aji uku tana gabansa a 2026, da Turanci.

## Hukunci

Nasihar zangon farko ba ƙarya ba ce, amma ba ta dace da ciwon ba. Na yi wata huɗu ina cewa yaro ya dage, alhali ya fi ni sanin dagewa: shekara takwas yana tashi da asuba, yana tafiyar minti 40 zuwa ajin da ba ya gane abin da ke allonsa, yana komawa shago har magariba. Duk lokacin da na ce ya ƙara ƙoƙari, abin da yake ji shi ne laifin nasa ne, sai ya ƙara ɓoyewa. Yabon da na yi wa rubutunsa ranar farko ma ya ƙara masa nauyi, domin ya ba shi sunan da zai kare. Horon bakin ƙofa ya mai da makara fashi. Darasin bayan tashi ya faɗi saboda na tsara shi da lokacina da harshen jarrabawa, ban duba cikin yaran da mutuncinsu ba.

Abin da ya yi aiki, a ganina, ya fara ne daga gwajin minti biyar da ya kamata in yi tun Satumba. Bayansa sai farawa da Hausa da bin hanyar farfaru, wanda ya nuna masa ba daga sifili yake tasowa ba. Amma abin da ya riƙe shi ranar da ya ce zai bari shi ne shafin ƙarshe na littafinsa. Da babu layin lambobin nan da ya rubuta da hannunsa, maganata kawai zan sa a gaban tasa, kuma ya riga ya ji irinta sau uku ba ta canja komai ba. Littafin awo kuma ya sa karatu ya zama abin da ake bukata a wurin da yake cin abinci.

Ba zan ce wannan hanya za ta yi wa kowa daidai ba. Yaran da suka yi nisa a allo sun fi saurin kamawa, waɗanda ba su yi ba sun fi jan ƙafa, kuma mafi yawan shidan da suka tsaya a kalma daga cikinsu suke. Minti 30 a aji mai mutum 94 bai ishe su ba.

A sabuwar shekarar karatu ta 2024 ma na yi wa sababbin 'yan aji ɗaya maganar dagewa, amma a mako na uku, bayan na zauna da kowannensu da takardar gwaji. Su 102 ne, 31 ba sa karanta kalma. Shugaban makaranta ya bar mana minti 30 ɗin safe. Na nemi a ƙara mini malami guda don rukunin da ba su san haruffa ba, ana dubawa. Kafin nan, ranar Talata da Alhamis yaron yana shigowa daga aji biyu ya riƙe musu katunan.